Darasi na 14: Sandar da Ba Ta Karyewa

Tsoho in zai yi tafiya yakan gwada sandarsa tukuna kafin ya dogara da ita, gama ya san in ta karye a hanya shi ne zai sha ƙasa. Haka zaman duniya yake. Kowane mutum yana da abin da ya jingina da shi: wani dukiyarsa, wani manyan da ya sani, wani kuwa wayon kansa. Koyarwar Kirista ita ce, dukan waɗannan kyauta ce daga Allah, amma babu ɗayansu da zai iya ɗaukar nauyin mutum har ƙarshe sai Allah kaɗai. Ga wani labari na gaskiya daga ƙasarmu wanda zai taimake ku ku gane wannan.

A yammacin Jihar Zamfara, cikin ƙasar Anka da ta Bukkuyum, akwai ƙauyuka kamar su Duza, da Dareta, da Abare, da Sunke, da 'Yargalma, da Bagega. Mutanensu manoma ne, amma Allah ya sa akwai duwatsu masu zinariya a ƙasarsu. Da zinariya ta yi tsada a kasuwannin duniya wajen shekara ta 2009, sai magidanta suka duƙufa haƙa. Sukan kawo duwatsun cikin gari, a farfasa su, a niƙa a injin niƙa ko a daka a turmi, sa'an nan a wanke a fid da zinariya. Kada wani yaro ya ga laifinsu. Abin da za su ciyar da iyali suke nema da guminsu.

Ashe duwatsun nan cike suke da dalma, ita kuwa dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwa. Ƙurarta ta bi tsakar gida da ɗakuna, inda ƙananan yara ke rarrafe, hannu a ƙasa, hannu a baki. A farkon shekara ta 2010 sai yara suka yi ta amai da jijjiga, suna mutuwa. Fiye da 400 suka rasu, yawancinsu ba su cika shekara biyar ba.

To, ku dubi sanda ta fari, wato dukiya. Dutsen da aka sa rai zai kori talauci, shi ne ya shigo da makoki cikin gida. A cikin Linjila ta Luka, sura 12, Yesu ya ba da misalin wani mai arziki wanda gonarsa ta yi albarka, ya yi shawarar rushe rumbunansa ya gina manya, ya kwanta ya huta. A daren nan aka karɓi ransa. Dukiya tana sayen hatsi da tufa, amma ba ta iya ƙara wa mai ita ko kwana ɗaya.

Sanda ta biyu ita ce sanin kai. Iyayen yaran nan sun san ƙasarsu, sun san damina da rani, amma ba wanda ya ga gubar da ido. Har likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières, waɗanda suka iske abin a watan Maris na 2010, da fari sun zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da maganin ya ƙi ci, aka aika da jinin yara aka auna, kāna aka gane dalma ce. Ku tuna da Bitrus, wanda ya bugi ƙirji ya ce ba zai taɓa rabuwa da Ubangijinsa ba, amma kafin zakara ya yi cara ya yi musun saninsa sau uku.

Sanda ta uku ita ce mutane. Taimako ya zo ƙwarai. An buɗe wuraren jiyya a Anka da Bukkuyum, ana ba yara maganin da ke fid da dalma daga jini. An kankare ƙasar da ta gurɓata a ƙauyuka bakwai, har da Duza, aka binne ta a ramuka, aka zuba sabuwa. Amma a Bagega, wadda ta fi su girma, kuɗin aikin da gwamnati ta yi alkawari a 2012 bai fito ba sai farkon 2013, yara kuwa suna jira, gama ba amfani a ba yaro magani ya koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Annabi Irmiya, a sura 17, ya kwatanta mai dogara ga ɗan Adam da ɗan tsiron hamada, mai dogara ga Allah kuwa da itacen bakin rafi, wanda fari ba ya ƙone shi.

Kada ku ɗauka dogara ga Allah ita ce naɗe hannu. Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Uwar da ta goya ɗanta ta kai shi asibiti, da saurayin da ya ɗauki shebur ya kwashe ƙasa mai guba, da uban da ya mai da niƙan dutse can bayan gari, duk za su iya yin haka zuciyarsu na ga Allah. Mai bi yakan yi aiki, ya gode wa likita, ya riƙe dukiya da hannu a sake. In kuwa aka wayi gari waɗannan duka sun kuɓuce masa, ba ya fid da zuciya, gama ba a kansu ya ɗora ransa ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna kiran irin wannan hali tawakkali.

Tambayoyi

1. Faɗi sanduna uku da mutane kan dogara da su.
2. Ta yaya dalma ta shiga jikin yara a Duza da maƙwabtanta?
3. Me ya sa aka kankare ƙasa kafin a ba yaran Bagega magani?
4. Rubuta layi biyar a kan bambancin dogara ga Allah da lalaci.