Kafin A Yi Miki Allurar Gyangyaɗi

Ya ke mai juna biyu, wani lokaci likita kan buƙaci yi miki ɗan ƙaramin aiki, kamar wankin ciki bayan ɓari. Akan yi allurar da za ta sa ki gyangyaɗi, ta rage zafi. Ba barci mai nauyi ba ne: kina numfashi da kanki, kuma idan an kira sunanki za ki amsa.

Babban abin gudu shi ne amai. Goyon ciki kan sa bakin tumbi ya saki. Idan amai ya taso kina gyangyaɗi, yana iya shiga huhu, ya jawo mummunan ciwo.

Saboda haka a kiyaye:

1. Ki daina cin abinci awa 6 kafin aikin. Kunu, koko, fura da nono duk abinci ne.
2. Ruwa zalla ana iya sha sai saura awa 2.
3. Idan aikin gaggawa ne, ki gaya wa nas gaskiyar abin da kika ci da lokacin da kika ci shi, har da jiƙo ko rubutu.
4. Ki ambaci asma, hawan jini, ko maganin da jikinki ba ya so.

Nas za ta kasance tare da ke. Za ta maƙala miki na'ura a yatsa don auna iskar jininki, tana lura da numfashinki har ki wartsake.

Maigida da 'yan jinya: kada tausayi ya sa ku ba ta abinci a ɓoye. Ku raka ta gida, kuma kada ta yi girki ko tuƙi sai bayan awa 24.