Amsoshin Tambayoyinku: Jirgin da ya faɗa teku a Abijan

Tambayarmu ta yau daga Gwaram ta fito, a jihar Jigawa. Wani malamin makaranta ne ya aiko, ya ce sun yi gardama da abokansa a kasuwar Birnin Kudu: shin akwai jirgin fasinja da ya faɗa teku da 'yan Najeriya a ciki, kuma aka kasa gano dalili?

To Malam, mun gode. Akwai. A watan Janairu na shekarar 2000, jirgin kamfanin Kenya Airways ya tashi daga Abijan, ƙasar Kodebuwa, zai sauka Legas. Tun farko Legas ya kamata ya fara sauka kafin ya je Abijan, hazon hunturu ya hana, irin hazon nan da ke rufe muku gari har ba a hango bishiyar gaban gida. Da dare ya tashi, minti ɗaya bai cika ba ya faɗa teku. Mutum 179 ne a ciki, 10 kacal suka tsira, kuma 'yan Najeriya sun fi kowa yawa cikin mamatan.

Masu bincike sun gano ƙararrawar gargaɗi ta kaɗa, tana nuna jirgin zai rasa ƙarfin tashi. Matuƙin ya sunkuyar da hancin jirgin don ya ƙara gudu, ga duhu, ba ya ganin ruwa. Ashe ƙararrawar ƙarya ce, lafiyar jirgin ƙalau.

Abin da ya sa ƙararrawar ta kaɗa, Malam, shi ne masu binciken suka kasa ganowa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.