Ɗana, Kafin Ka Ɗora Gidan Nan a Waya

Ɗana, an ce mini ka kama dillancin gidaje da filaye, kuma yawancin cinikin a waya kake yi. Madalla, Allah ya sa albarka. Matso mu ɗan yi magana.

Ka shigo sana'ar a lokacin da kasuwa ta juya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar Naira ta faɗi, kuɗin siminti da rodi ya haura. Buhun simintin da ake saye wajen Naira 5,000 ya kai 10,000 a farkon 2024. Mai gini ya tsaya a linta. Mai gida ya ƙara haya. Mai ƙaramin ƙarfi ya bar cikin Kano ya nufi su Danbare da Janguza. Mai ɗan abin hannu kuwa, gudun kada kuɗinsa su narke, sai ya zuba su a fili.

Irin wannan mai sayen shi zai fi nemanka. Yana Abuja ko Jidda, ya ga bidiyonka a WhatsApp ko TikTok, ya turo kafin alƙalami bai taka wurin ba. Ba shi da ido sai naka. To ka nuna masa duka. Fara daga bakin titi, ka taka lungun da ƙafa, ya ga ko mota na shiga. Haska kwata. Sunkuya ka haska gindin bango, inda ruwan damina ke barin zane, ko da an shafe shi da sabon fenti. In unguwar na cika da ruwa a watan Agusta, faɗa masa. In rijiyar na ƙafewa da bazara, faɗa masa. Wataƙila ya rage tayi, wataƙila ya ce ya fasa. Ba komai, wani zai zo wanda aibin bai dame shi ba. Amma in ka ɓoye, damina ɗaya ce za ta tona, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. A da, wanda aka cuta yakan kai ƙara wurin mai unguwa a kashe maganar. Yau hotonka da lambarka zai watsa, su shiga inda ƙafarka ba ta taɓa zuwa ba.

Af, in akwai iyali a gidan, nemi izini kafin ka ɗauka, ka bari mata su kimtsa. Kada ka nuna kayan ɗakinsu haɗe da kwatancen gidan, ɓarawo ma yana da waya.

Sai takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnan jiha, shi ya sa awon gwamnati daban, awon igiya daban, kuɗinsu ma ba ɗaya ba. Faɗi wanda kake sayarwa tun a rubutun farko. In an ce akwai shaidar mallaka, je KANGIS, ofishin da ke kula da takardun filaye a Kano, a duba maka sunan da ke kanta. In gidan gado ne, ka ji daga bakin dukan magada, har matan da ke gidan aure, domin mutum ɗaya in bai yarda ba zai iya kai ku gaban alƙali bayan an gama biya. Ranar da fuloti ɗaya ya tashi da masu shi biyu, wanda ya sayar zai kashe waya. Kai za a samu.

Na san abokan sana'arka suna kwafar hoton gidan da ba su taɓa shiga ba, kowa ya ɗora nasa a kan farashi. Ban zarge su ba, zamanin ya yi tsanani. Kai dai ka yanke la'adarka a gaban mai gida da mai saye, a rubuta, shaidu su sa hannu.

Gidan da ke hannunka yanzu, daure ka riƙe bidiyon har ka ga takardunsa da idonka. Ka gaida mini mahaifiyarka.