Yadda Ake Shirin Doguwar Tafiya a Kan Babur

A ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan, babur ne ƙafar talaka. Da shi ake kai saƙo Zariya ta Tashar Yari, da shi ɗan Hunkuyi ke cin kasuwar Danja, wani ma har Kano yake miƙawa a kan Boxer ko Jincheng. Amma sau da yawa sai ka ga an cika tanki an manta da jikin mai tuƙi, alhali iska da ƙura da jijjiga su ne ke karya mutum kafin ya isa.

Fara da kai. Sayi hular kwano mai rufe haɓa, mai gilashi a gaba, kuma ka gwada ta kafin ka biya. Sa ta, ka ɗaure igiyar, ka girgiza kanka. In tana rawa, ta yi maka yawa. Igiyar ta kama yadda yatsa ɗaya ko biyu ne kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Duba cikinta, a sami farin soso mai tauri, domin shi ke shanye bugu. Wadda leburori ke sawa a wurin gini ba ta babur ba ce. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sa hular a Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa don su wuce jami'ai, abin takaici. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular da aka ɗaura daidai na rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin 100. Wanda ka goya ma a ba shi tasa.

Sai sutura. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba a kan babur yana shiga har ƙashi, musamman kusa da fadamun rake na Makarfi. Sa rigar sanyi a ciki, ka ɗora jaket mai tare iska, sannan takunkumi ko ƙyalle a hanci saboda ƙura. Safar hannu ta fata ta zama dole, domin yatsun da suka sandare ba sa kama birki da wuri. Ajiye silifas, sa takalmi sau-ciki mai rufe idon sawu, don salansa ba ta da tausayi. Babbar riga kuwa, naɗe ta a jaka ka sa in ka sauka. Mata su tattara bakin hijabi da zane a kan cinya, saboda sarƙa da tayar baya na saurin cafke tufa mai lilo. Da damina, rigar ruwa mai wando ta fi leda.

Yanzu koma kan mashin. Tun jajibiri, kai shi wurin bakanike a duba baƙin mai, birki, fitila da sarƙa. Danna sarƙar a tsakiya: motsinta kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, kuma a sa mata mai. Iskar taya da safe ake aunawa, kafin ta ɗauki zafi. Madubai biyun nan da samari ke kwancewa don gayu, a mayar da su. A titin Zariya zuwa Kano, da su za ka hango tirela kafin ta iso ka. In soson sit ya mutu, mai ɗinkin kujerun mota zai sake maka shi da kuɗi kaɗan, bayanka kuma zai huta.

Kaya su zauna a kariya, mai nauyi a ƙasa, a ɗaure da robar tsohon tib, kada a rataya komai a kan hannun tuƙi. A ƙaramar jaka zuba filogi sabo, sifana, filaya, tib, ɗan famfo, gorar ruwa da takardun babur.

A hanya, tsaya bayan kowace awa guda ka miƙe ƙafa, ka sha ruwa, ka taɓa robar kaya ko ta saki. Kada ka manne wa bayan motar rake ko ta kwandunan tumatir, kayan na iya zamewa. Kuma ka tsara fitarka yadda za ka isa kafin magariba. In dare ya riske ka a garin da kake da ɗan'uwa, kwana, gobe ma rana ce. Allah ya kai mu lafiya.