Yadda Ake Duba Tsohon Akwatin Wutar Gida Kafin Ya Jawo Gobara

Gidaje da yawa a Matazu da sauran garuruwan yankin Malumfashi da Funtua an ja musu wuta ne tun zamanin NEPA, lokacin da kayan wutar gida ba su wuce 'yan ƙwayaye da fanka da rediyo ba. NEPA ta koma PHCN a 2005, KEDCO ta karɓi Katsina da Kano da Jigawa a 2013, amma allon katakon nan na zaure, mai ɗauke da makunni da fiyus, yana nan yadda aka kafa shi. Yau an jibga masa firiji da dutsen guga da hita, wani gidan har da injin jan ruwa.

Aikin maigida shi ne na ido da hanci da kunne, ban da taɓawa. Idan an kawo wuta, a kunna kayan da aka saba kunnawa, a tsaya kusa da allon. Ana jin ƙaurin roba? Akwai baƙin hayaƙi a bango ko a jikin katakon? Murfin fiyus ya tsage? Ana jin tartsatsi daga ciki, ko ƙwai na dusashewa da zarar an jona dutsen guga? Ko ɗaya aka gani, a kashe babban makunni, a nemo mai gyara, kuma a nemi wanda ke da takardar shaidar hukumar NEMSA.

Mai gyaran kuma zai fara da kashe komai: babban makunni, janareta, da na'urar sola in akwai, sannan ya gwada da tasta. Wayar da ta sauko daga fal-waya tana nan da wutarta ko an kashe makunnin gida, don haka cire ta aikin ma'aikatan KEDCO ne.

Sai ya zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan aka fi samun ɓarna. An yi siririyar wayar fiyus ne don ta narke idan kaya sun yi yawa, ta yanke wuta kafin wayar cikin bango ta yi zafi. To, da ta tsinke sau biyu, sai wani ya gaji ya nannaɗa mata jan ƙarfe mai kauri, ninki uku ko huɗu, ya ce an huta. Ba a huta ba. Fiyus ɗin ya daina tsinkewa, zafin ya koma cikin silin, wurin busasshen katako da ƙurar hunturu. A ganina babu gangancin da ya kai wannan, domin cikin dare yake cin mutane, suna barci.

Daga nan sai kusoshin da ke riƙe da bakin wayoyi. Wanda ya saki yakan yi zafi ko da kayan ba su da yawa, kuma fiyus bai san da shi ba. Za a ga bakin wayar ya yi baƙi, robar ta bushe tana marmashewa a hannu. Ba a rufe wannan da salatif. Yanke wurin ake yi, a feƙe sabo, a ɗaure tam. In robar ta mutu har ciki, ko ɓera ya ci ta, sai sabuwar waya: murabba'in milimita 1.5 ga ƙwayaye, 2.5 ga soket, 4 ko 6 ga manyan kaya irin na'urar sanyaya ɗaki. A kula a kasuwa, akwai wadda aka shafa wa launin jan ƙarfe alhali cikinta alminiyam ne.

Allon katako dai a cire shi. A sa akwatin ƙarfe mai bireka, kowane layi da tasa daidai kaurin wayarsa, da bireka mai miliampiya 30 wadda ke yanke wuta idan ta fara zurarewa ta jikin mutum ko bango. A kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da akwatin. Janareta kuma ta bi ta makunnin sauya layi, kada a soka ta a soket.

Saura gyaran wurin. Da kaka zaure kan cika da buhunan masara da auduga da jarkar fetur ta babur, duk a ƙarƙashin allon. A matsar da su, a ajiye bokitin yashi kusa. In wuta ta tashi a akwatin, a yanke lantarki in da hali, a fitar da yara, kada a watsa ruwa.

Jama'a, a kira mai gyara tun kafin iskar hunturu ta kankama.