Kayan Sata Ba Ya Tsarkaka Don Ɗan'uwanka Ne Ya Kawo Shi

Karatun yau: Joshuwa 7:1-26

Akwai jarabar da ba ta zuwa da fuskar baƙo. Tana zuwa ne ta hannun ƙane, ko ɗan wa, ko suruki. Zai shigo da sabuwar waya, ko babur, ko injin ban ruwa, ko saniya, ya ce, "Yaya, ka ba ni rabin kuɗinta kawai, ina cikin matsi." Babu rasit, babu kwali, kuma ka san ba shi da sana'ar da za ta ba shi irin wannan kaya. Zuciyarka ta riga ta gaya maka gaskiya, amma wata murya tana cewa naka sai naka, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Me mai bi zai yi a wannan lokaci?

Abin da aka binne a alfarwa

Sa'ad da Yariko ta faɗi, Ubangiji ya hana Isra'ilawa ɗaukar ganima wa kansu. Akan, ɗan kabilar Yahuza, ya ga alkyabba mai kyau ta Shinar, da azurfa shekel 200, da curin zinariya mai nauyin shekel 50. Ya yi ƙyashi, ya ɗauka, ya binne su a ƙasa cikin alfarwarsa, wato inda iyalinsa suke kwana suke tashi. Da Joshuwa ya aiki mutum wajen 3,000 su ci ƙaramin garin Ai, sai aka fatattake su, aka kashe wajen 36. Waɗannan mutane ba su taɓa kayan ba, amma an yi makoki a gidajensu. A ƙarshe hukunci ya sami Akan da 'ya'yansa da dabbobinsa a kwarin Akor.

Ka lura, kayan da aka haramta yana neman wurin ɓuya, kuma wurin da ya fara nema shi ne gida. Idan gida ya buɗe masa ƙofa, ya shigo da abin da ke biye da shi.

Mai saye abokin tarayya ne

Mutane da yawa suna cewa, "Ai ba ni na sata ba, da kuɗina na saya." Maganar Allah ba ta yarda da wannan hujja ba. Karin Magana 29:24 ta nuna cewa wanda ya yi tarayya da ɓarawo ransa yake cuta, ta kuma haɗa shi da mutumin da ya san gaskiya ya yi shiru. A Zabura 50:18 Allah ya tsauta wa masu ambaton dokokinsa da baki, amma suna jin daɗin hulɗa da ɓarawo.

Dalilin a fili yake. Ɓarawo ba ya satar abin da ba zai iya sayarwa ba. Mai ƙwacen waya yana ɗaukar wuƙa ne domin ya san akwai mai jira da kuɗi a hannu. Masu satar shanu a dazukan Zamfara da Katsina da Kaduna suna dogara ga masu saye da ba sa tambaya. Kuɗin da ka biya yau shi zai sa a sake fita gobe. Bayan wannan wayar mai araha akwai wanda ya yi watanni yana tara kuɗinta, wataƙila ma yana kwance a asibiti. Dokar Najeriya ma tana hukunta wanda ya karɓi kaya yana sane na sata ne, kuma cewa ɗan'uwanka ne ya sayar maka ba zai fisshe ka gaban alƙali ba. Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Zumuncin da ke kashewa

Allah ne ya kafa iyali, kuma 1 Timoti 5:8 ta ɗora mana nauyin kula da danginmu. Amma kula daban, rufa wa zunubi asiri daban. Eli firist ya san 'ya'yansa suna ƙwace naman hadaya daga hannun masu sujada. Ya yi musu magana, amma bai hana su ba, Ubangiji kuwa ya tuhume shi da girmama 'ya'yansa fiye da Allah. Su biyun sun mutu rana ɗaya. Hananiya da Safiratu sun haɗa baki a kan ƙarya, miji da mata, kuma haɗin kansu bai cece su ba. Ubangiji Yesu da kansa ya koyar a Matiyu 10:37 cewa ƙaunar dangi ba za ta hau bisa ƙaunarsa ba.

Idan ka sayi kayan da ƙanenka ya sato, ka koya masa cewa sata tana da riba, kuma gida ne kasuwarta. Wannan tura shi ne zuwa kurkuku ko hannun 'yan unguwa masu fushi.

Zumuncin da ke ceto

Dubi abin da Bulus ya yi da Unisimas, wanda ya kira ɗansa cikin bangaskiya. Unisimas ya gudu daga gidan Filimon. Bulus bai yashe shi ba, bai kuma ɓoye shi ba. Ya mai da shi wurin maigidansa da wasiƙa, ya ce in akwai cuta ko bashi a lissafta a kansa, shi zai biya. Wannan shi ne zumunci irin na Almasihu: ka ƙi kayan, ka riƙe mutumin.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka yi tambaya kafin ka saya. Ina rasit? Lambar IMEI ta wayar ta yi daidai da ta jikin kwali? Ina takardun babur? Wane dillali ne ya san mai saniyar? Idan amsa ba ta fito ba, ka janye hannunka. Ka kira ɗan'uwan nan a keɓe ka gaya masa gaskiya cikin ƙauna. In ya ƙi ji, ka nemi dattawan gida ko fasto. In yunwa ce ta kore shi, ka ba shi abinci, ka taimake shi ya sami sana'a, domin Afisawa 4:28 tana so tsohon ɓarawo ya zama mai aiki da hannunsa har ya ba mabukata.

In kuwa kayan yana ɗakinka yanzu, addu'a kaɗai ba za ta tsarkake shi ba, zakka ko baiko ma ba za su wanke shi ba. Shari'ar Musa ta ce a biya shanu 5 saboda sa ɗaya, tumaki 4 saboda tunkiya ɗaya. Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da ninki 4 ga duk wanda ya zalunta, Yesu kuwa ya shaida cewa ceto ya shigo gidansa a ranar. Ka nemi mai kayan ka mayar masa. In ba ka san shi ba, ka tafi da wani dattijo ku miƙa wa hukuma. Za ka yi asarar kuɗi, amma za ka tone abin da aka binne a alfarwarka.

Tambayoyin nazari

1. Akwai abin da ke gidanka da ba za ka iya faɗin asalinsa gaban ikilisiya ba?
2. Wane ɗan'uwa ne shirunka yake ƙarfafa shi cikin zunubi?

Addu'a

Ya Uba, ka bincike gidana da hasken Ruhu Mai Tsarki. Ka ba ni ƙarfin hali in ƙi abin da ba nawa ba, ko da daga hannun wanda nake ƙauna ya fito. Ka karya ruhun sata da kwaɗayi a zuriyarmu, ka komo da ɓatattun gidanmu gare ka. Cikin sunan Yesu. Amin.