BABI NA TARA: KOYAR DA ILIMIN REDIYO DA LANTARKI DA HARSHEN HAUSA A ƘARAMAR SAKANDARE

9.1 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sabawa da rediyo. Tun daga shekarar 1957 da Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shirye-shiryensa, da shekarar 1962 da aka buɗe gidan rediyon Kaduna, akwatin rediyo ya zama abokin hira a zaure da kasuwa da gona. Sai dai sabon ya tsaya ne ga sauraro, kaɗan ne suka san yadda murya take ratso iska ta iso kunne. Wannan babi zai nuna wa ɗalibi mai neman zama malami yadda za a koyar da wannan ilimi da harshen uwa, ta hanyar sa yara su haɗa na'ura da hannunsu.

9.2 Ma'anar Rediyon Sha'awa

Rediyon sha'awa sadarwa ce da mutane suke yi da junansu ta na'urorin da suka saya ko suka haɗa, domin neman sani da taimakon jama'a, ba domin kuɗi ba. Ya bambanta da gidan rediyo, domin a can mutum ɗaya ke magana dubbai na saurare, a nan kuwa kowa na faɗa yana kuma ji.

Tushen abin shi ne binciken Heinrich Hertz na Jamus, wanda ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a 1887. A watan Disamba na 1901 Guglielmo Marconi ya karɓi saƙon da ya ƙetare Tekun Atalantika daga Ingila zuwa Newfoundland. A 1925 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, wato IARU, a birnin Faris. Kowane mai lasisi yana da lambar kira da ke nuna ƙasarsa: ta Nijeriya kan fara da 5N, ta Nijar da 5U, ta Gana da 9G. Tun daga shekarar 2000 ake haɗa ɗaliban makarantu da 'yan sama-jannatin Tashar Sararin Samaniya ta Duniya su yi hira kai tsaye ta wannan hanya.

9.3 Matsayin Malamin Hausa

Mai yiwuwa a ce ina ruwan malamin Hausa da wayoyi. Amsa ita ce, yaron da aka ɗora wa baƙon ilimi cikin baƙon harshe an aza masa kaya biyu a lokaci guda, kuma yakan koma ga hadda ba tare da fahimta ba. Aikin malamin Hausa shi ne samar da kalmomi, tare da haɗin gwiwar malamin fasaha. Hanyoyin kuwa uku ne:

(a) Aro da hausantarwa, kamar rediyo, batir, eriya, kwayil, kwandansa.

(b) Faɗaɗa ma'ana, kamar tasha da zango. Asalin zango wurin da fatake suke yada kaya ne, ga shi yau ana cewa gajeren zango da matsakaicin zango.

(c) Kwatance, kamar a kira dayod da “ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya”, domin yana barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai.

Ya kamata malami ya fara ziyartar masu gyaran rediyo a kasuwa. Kalmar da ta riga ta zauna a bakinsu ta fi wadda aka ƙirƙira a ofis saurin karɓuwa.

9.4 Matakan Darasi

Mataki na farko shi ne sauraro. A kawo rediyo aji, yara su murɗa, su rubuta tashar da suka kamo da lambarta da lokacin. Za su lura tashoshin nesa sun fi kamuwa da dare a matsakaicin zango, saboda sauyin da ke aukuwa a saman sararin samaniya bayan faɗuwar rana.

Mataki na biyu lissafi ne. Igiyar rediyo tana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan aka raba 300 da lambar megahaz ta tasha, sai a sami tsawon zangonta. Misali, 300 a raba da 9.6 ya ba da kimanin 31. Nan yaro zai gane abin da mai gabatarwa ke nufi da “a kan mita 31”.

Mataki na uku shi ne haɗa rediyon da ba ya bukatar batir. Kayan aikin su ne: siririyar wayar jan ƙarfe da za a naɗa sau 60 zuwa 80 a jikin bututun kwali, da kwandansa mai juyawa daga tsohon rediyo, da dayod na jameniyam, da abin sauraro na kunne irin na kiristal, da eriya mai tsawon mita 15 zuwa 20, da ƙarfen da za a kafa a ƙasa mai danshi. Eriya ce ke kamo igiyoyi, kwayil da kwandansa su zaɓi tasha, dayod ya tsamo muryar. Ƙarfin igiyar kanta ne ke tafiyar da na'urar, don haka sai da tashar AM mai ƙarfi a kusa, kuma ba ta kama FM. Wajibi ne malami ya gwada tun kafin ranar darasi.

Mataki na huɗu shi ne kowane rukuni ya rubuta rahoton aikinsa da Hausa, ya karanta a gaban aji.

9.5 Abubuwan Kiyayewa

Kada a haɗa aikin yara da wutar gida. Kada a ɗaura eriya kusa da wayoyin lantarki, kuma a cire ta da zarar hadari ya taso, saboda tsawa. Sauraro ba ya bukatar izini, amma aika saƙo ta iska ba tare da lasisin hukuma ba laifi ne. Haka kuma a tabbatar 'yan mata sun riƙe kayan aiki kamar yadda maza suke riƙewa.

9.6 Kammalawa

An ga ma'anar rediyon sha'awa da tarihinsa, da hanyoyin samar da kalmomi, da matakan darasi. Gani ya kori ji: yaron da ya ji murya ta fito daga wayar da ya naɗa, kuma ya iya bayyana dalili da harshensa, ya mallaki ilimin.

Auna Fahimta

1. Bambanta rediyon sha'awa da gidan rediyo.
2. Kawo kalmomi biyar na lantarki, ka faɗi hanyar da kowace ta shigo Hausa.
3. Nemo tsawon zangon tashar da ke kan megahaz 7.2.
4. Tsara darasin minti 40 a kan aikin dayod.